Zaɓen harsashi, daga kantin Amurka zuwa Gulbin Kaba

A ƙasar Amurka, idan kaka ta yi, wajen watan Nuwamba, akwai wata kasuwa da ke cika kamar kasuwar raguna ana jibi Layya. Kasuwar harsashi ce. Miliyoyin mutane ke shirin shiga daji farautar barewarsu, wata mai farar wutsiya wadda ta ɗara jar akuyar Maraɗi girma nesa ba kusa ba. Namijinta ƙahonsa rassa-rassa ne kamar busasshen reshen aduwa, kowace shekara ya zubar ya fitar da sabo. Mutum zai shiga kanti ya tarar da kwalaye jere har sama, kowane kwali harsashi 20, kowane da lambarsa da sunansa da kuɗinsa. Wanda bai sani ba sai ya ce ai harsashi duk harsashi ne. Haka baƙo ke cewa hatsi duk hatsi ne, sai ranar da ya shiga kasuwar Tasawa ya ji manoma suna rabe zango da ankutes da maiwa, kowane da ƙasar da yake so da ruwan da ke isarsa.

Bari mu fara buɗe cikin abin. Harsashin kanti abu huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya. Akwai kwanso na tagulla, shi ne tukunyar. A cikinsa akwai albarushi. A gindinsa akwai wata ƴar hula ƙarama mai aikin kan ashana, da an buge ta sai ta ba da wuta. A bakinsa kuma aka cusa ƙwayar da za ta tashi, ita ce mai zuwa aike. Tsohon maharbinmu mai bindigar ɗuri da hannunsa yake haɗa duk wannan: ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya zuba ƙwayoyi, ya danna da sanda. Girkin gargajiya ke nan, yau gishiri ya ji, gobe ya yi ƙaranci, ya danganta da hannun mai girki da irin gaggawar da take yi. Na kanti kuwa kamar sukari mai ƙwaya ne, inji ya auna ya yanka, ta farkon kwali da ta ƙarshe duk ɗaya. Wannan daidaito shi ake biya wa kuɗi.

Tambaya ta farko da mai kanti zai yi wa mutum ita ce lambar bindigarsa, domin kowace tukunya da murfinta. Lambar tana nan a zane jikin bututun bindiga, tana jikin kwali, tana gindin kowane kwanso, kuma tilas ukun su zama ɗaya. Sunayen da suka shahara wajen masu farautar barewa tsofaffi ne ƙwarai. Akwai .30-30 Winchester tun 1895, akwai .30-06 na 1906, da .270 Winchester na 1925, da .308 Winchester na 1952. Autansu da ake yayi yanzu shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Dubi .308 da .30-06: kaurin ƙwayarsu ɗaya, amma kwanson na biyun ya fi tsawo, kamar buhu biyu masu baki ɗaya, ɗaya ya fi zurfi. Ba a sa wannan a gurbin wancan. Wanda ya sa gatari a ƙotar da ba tasa ba ya san abin da ke biyo baya, kan gatarin ya fita ya sami na kusa. A bindiga abin ya fi haka muni, don fuskar mai harbi ce a kusa.

Sai nauyi. Turawa suna auna ƙwayar harsashi da wani tsohon ma'auni da aka ɗauko daga nauyin ƙwayar sha'ir guda, yadda mu ma muke da tiya da zakka. Idan ka ga 150 a jikin kwali, nauyin ƙwayar sha'ir ɗari da hamsin ake nufi, abin da bai cika giram 10 ba, wato kamar ƙwayar sukari biyu. Ɗan abin nan shi ke fita daga bakin bindiga da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa guda, ya ninka gudun ƙara fiye da sau biyu. Da a ce ba ya gajiya, da ya tashi daga Tasawa kafin ka gama alwala ya isa Maraɗi. To amma yana gajiya. Iska na cin ƙarfinsa, ƙasa na jawo shi, tafiyarsa a lanƙwashe take kamar ruwan da aka tsiyayo daga bakin buta, ya miƙe kaɗan sannan ya sunkuya.

Duk yaron da ya taɓa harbin kurciya da danƙo ya san sauran bayanin. Ƙaramar tsakuwa tana fita da sauri, amma iskar hunturu na kaɗa ta gefe, kuma in ta isa ba ta da nauyin da za ta yi aiki. Babban dutse yana da duka, sai dai yana saurin faɗuwa, kuma hannu na jin sa. Haka ƙwaya mai nauyi take sa bindiga ta yi harbin baya kamar jaki, ta daki kafaɗa. Mutumin da ke tsoron dukan bindigarsa kuwa, kafin ya taɓa kunama ya riga ya runtse ido, kuma wanda ya runtse ido bai sami komai ba. Shi ya sa gogaggun mafarauta ke cewa a ɗauki matsakaici, wanda kafaɗa za ta iya ɗauka ba tare da fargaba ba.

Akwai wani abin mamaki a cikin bututun irin wannan bindiga. An zana masa wasu layuka a murɗe daga gindi har baki, su ne ke kama ƙwaya su juya ta. Ka tuna tsohuwa mai kaɗi. Muddin mazari na juyawa, a tsaye yake cak, zare na fita sumul. Da juyin ya ragu sai ya fara layi, ya kife. Ƙwayar harsashi mazari ce mai tashi sama. Doguwa tana son juyi mai sauri, gajera kaɗan ya ishe ta, kuma kowace bindiga da irin murɗin da maƙeranta suka yi mata. Daga nan ne ake samun abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai: bindiga biyu, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, amma wannan ta fi son harsashin kaza, waccan ta ƙi shi. Mai jakai biyu ba zai yi mamaki ba. Uwa ɗaya ta haife su, ɗaya sai da harawa, ɗaya ko karan dawa ka ba shi ya gode.

Maganin wannan shi ne gwaji, irin na manomi da aka kawo wa sabon iri. Ba ya shuke gonarsa duka da shi, sai ya ware ɗan gefe ya ga yadda zai yi. Mafarauci yakan sayi kwali biyu ko uku mabambanta, ya kafa takarda a nisan taki ɗari da ɗoriya, ya harba kowane iri sau uku ko biyar, ya duba wanda ramukansa suka taru wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaki. Wanda ya watsu kamar awakin da aka kora, a ajiye shi. In ya sami na kirki sai ya koma ya sayi isasshe mai lambar ɗauri ɗaya, wato daga buhu ɗaya, don ko a kamfani ɗaurin bana da na bara sukan ɗan saɓa. Wurin da ake nema a jikin dabba, huhu da zuciya, bayan kafaɗa kaɗan, faɗinsa bai wuce faifai ba. Duk nisan da mutum ba zai iya samun faifai a kowane harbi ba, wannan nisan ba nasa ba ne, ko da wane irin harsashi ya saya.

Yanzu mun zo inda maganar ta fi nauyi, wato yadda aka gina ƙwayar kanta. Yawanci darma ce a ciki, an sa mata riga ta jan ƙarfe. In rigar ta rufe ta ruf har baki, ƙwayar takan ratsa dabba kamar basilla a jikin kabewa, ta shiga ta fita, rami ɗan ƙarami. Dabbar ta zabura ta shige daji da rauni, ta kwana biyu ko uku tana wahala, ta mutu inda ba mai ganinta sai dila. In kuma rigar ta cika laushi, ƙwayar ta fashe tun a fata kamar ƙwai da aka jefa a bango, ta ɓata nama a waje ba ta kai ciki ba. Wadda ake so tana tsakani. Ka dubi kan turken ƙarfe da aka daɗe ana dukansa da guduma, yadda bakinsa ya baje ya naɗe gefe amma jikinsa na nan daram. Haka ƙwaya ta gari take yi: bakinta ya buɗe ya kusa ninka faɗinsa, gindinta ya riƙe nauyi ya ci gaba da turawa har ta kai inda aka aike ta. Dabba ta faɗi nan take ko bayan ƴan taki kaɗan.

Maƙeran harsashi sun daɗe suna fama da wannan. Kamfanin Remington ya fitar da Core-Lokt a 1939, inda aka ɗaure darmar da rigarta don kada su rabu, kuma har yau ana sayensa. Wani Ba'amurke, John Nosler, ya fita farauta a Kanada a 1946, ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa da ta yi birgima a laka, ƙwayoyinsa suka kasa shiga yadda ya kamata. Ya koma gida ya yi ta tunani, a 1948 ya fara sayar da ƙwayar da ya kira Partition. Gida ne mai zaure da ɗaki, da bango a tsakani. Zauren ya rushe ya buɗe hanya, ɗakin baya ya tsaya da kayansa. Daga baya aka zo da waɗanda aka like darma da riga kamar yadda maƙerin fari ke like buta, da masu ɗan tsinin roba a baki don su yanka iska. Duk suna da kyau, kuma duk suna da tsada. Ni dai a ganina barewa dabba ce mai siririyar fata da ƙananan ƙasusuwa, ƙwaya mai taushin baki ta talaka ta ishe ta sarai. Ba a hayar raƙumi don ɗaukar tiya biyu. Kuɗin da za a ƙara a kan kwali mai ado, gara a sayi kwali biyu na talaka a ƙone ɗaya wajen koyon saiti.

Wannan bambanci na rufaffiyar ƙwaya da mai buɗewa yana da tarihin da ya gifta ta ƙofar gidanmu. A watan Yuli na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, tana cikin ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga wata aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori, bayan ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. A ƙarshen wannan watan dai, ranar 29, ƙasashe suka sa hannu a birnin Hague na Holan cewa an hana amfani da ƙwaya mai buɗewa a jikin mutum a fagen yaƙi. Tun daga nan harsashin soja rufaffe ne, na mafarauci mai buɗewa. Saboda haka harsashin soja da ke yawo ta bayan fage, wanda wani zai kira ka gefe ya ce yana da araha, laifi biyu ne a kansa. Na farko, hanya ce ta zuwa kurkuku, balle a wannan zamani da ƴan bindiga suka hana mutanen kan iyaka barci. Na biyu, ko a daji ba shi da amfani, raunata dabba yake yi ya bar ta. A jihohin Amurka da dama doka ta hana farautar barewa da shi.

Addininmu ma bai bar wannan fage ba. Malamai sun karantar da cewa maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki, kuma abin da ya harba ya zama mai huda ne, mai fitar da jini, in kuma ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Mahaucin da ya zo da dakusasshiyar wuƙa ranar suna, ba wanda zai sake kiransa. Harsashin da bai dace ba dakusasshiyar wuƙa ce, illa dai shi wahalar da yake jawowa a bayan ƙaya take faruwa, ba a gaban jama'a ba.

Akwai kuma mai ci, wanda ba a cika tunawa da shi a kanti ba. Ƙwayar darma idan ta buɗe tana barin ɓurɓushi a nama, ƙanana ƙwarai, wasu ido ba ya gani, kuma sukan yi nisa da ramin. Tsakuwa a tuwo haƙori na kama ta a tofar. Darma ba ta da ɗanɗano, ba ta ƙara a baki, wuta ba ta kashe ta, sai ta shige jini ta zauna, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutarwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da darma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega. Ba harsashi ne ya kawo waccan ba, amma gubar ɗaya ce. Ungulu ma da ke cin kayan cikin da maharbi ya zubar tana kwasa. Don ceton wata babbar ungulu tasu ne jihar Kalifoniya ta fara taƙaita harsashin darma, har ta hana farauta da shi baki ɗaya daga 1 ga Yulin 2019. Madadinsa ƙwaya ce ta jan ƙarfe zalla, irin wadda kamfanin Barnes ya yi suna da ita, bakinta na tsagewa ya buɗe kamar furen kabewa, ba ta zubar da gari. Wanda bai sami wannan ba, to ya yanke naman da ke kewaye da ramin da yalwa, ya binne shi, kada ya yi rowa a nan. Mai ciki da yaro ƙarami kuwa a ba su wani naman.

A nan wajenmu, tsakanin Mayahi da Tasawa da Kanambakashe da Gazawa, wanda ke da bindigar kanti galibi mai santsin ciki ce, mai baki ɗaya ko biyu, wadda harsashinta ke ɗauke da ƙwayoyi da yawa. Ita ba mazari take jefawa ba, watsi take yi kamar mace ta ɗebi hatsi ta watsa wa kaji. Lambobin ƙwayoyinta a juye suke, babbar lamba ƙananan ƙwayoyi, ƙaramar lamba manya, daga mai kamar gero zuwa mai kamar dawa har mai kamar wake. Ƙananan na zabo ne da fakara da zomo, kuma ƙarfinsu bai wuce taki arba'in ba. Wanda ya watsa wa barewa irin wannan daga nesa bai yi farauta ba, ya dai cusa mata ƙaya a jiki ta tafi da ita. Kakanninmu masu kwari da baka sun fi mu sanin haka. Kibiyar tsuntsu daban, ta babban nama mai kunne da dafi daban, kuma Sarkin Baka ba zai bar yaro ya fita da wadda ba ta dace ba. Ajiya ma iri ɗaya ce da ta irin shuka: wuri busasshe, ba zafin rana, ba laimar damina, a kulle inda hannun yara ba ya kaiwa.

To amma ina barewar? Dattawan Gulbin Kaba suna ba da labarin lokacin da ake ganinta a bayan gari, da jimina, da tuje. Yau gona ta haɗe da gona, fari na 1973 da na 1984 sun yi nasu, motoci da fitilun dare sun ƙarasa saura. Wanda ke son ganin barewa a jihar Maraɗi sai ya nufi Gadabeji a ƙasar Dakoro, gandun da aka keɓe tun 1955, mai faɗin kadada kusan 76,000, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Can kuwa ba a shiga da bindiga.

Su ma Amurkawa sun taɓa kaiwa nan. Wajen shekarar 1900 barewarsu ta ragu har ana ƙiyasin ba ta wuce rabin miliyan ba, yau ana maganar miliyan 30. Ba addu'a kaɗai suka yi ba. Sun hana farautar sayarwa, sun yanka lokaci, sun ƙayyade wa kowa adadi, sannan a 1937 suka kafa dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindiga da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, don kula da namun daji da dajin kansa. Rumbun tsimi ke nan. Duk kwalin da aka saya, an zuba ludayi guda a rumbun barewa, kuma mai harbi shi ne mai zubi. Mu ma mun san irin wannan dabara. Gawo da sabara da kalgo sun kusa ƙarewa a gonakinmu, manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suka daina tumɓuke kututture, ga itace ya dawo har ana zuwa daga wasu ƙasashe kallo. Abin da aka yi wa itace ana iya yi wa zabo da zomo, in an dage har da barewa.

Doka tana nan, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, da izinin da ake nema da dabbobin da aka hana taɓawa. Kirana ga ƴan uwa maharba da sarakunansu shi ne a bar mace mai ciki da mai shayarwa, a bar fitilar dare, a bar harbin nesa na gwada sa'a. Wanda ke shirin fita bana, ya fara biyawa ta ofishin gandun daji na Tasawa ko na Mayahi, ya ji abin da aka buɗe da abin da aka rufe, ya gyara takardun bindigarsa, sannan ya je ya tambayi kuɗin kwali.